Libarbar da aka tsinta a akwatin marigayi: wata bakwai a wani gida a Jos

Wannan labarin wani abokina ne, ɗan kasuwa mai sayar da kayan gyaran mota a nan Jos, shekarunsa arba'in da 'yan kai, mata ɗaya da yara biyar. Shi ya bani izini in rubuta amma yace kar in kama suna ko unguwa, toh ba zan kama ba, zan dinga ce masa mutumina kawai. Wasu abubuwan a gabana akayi, wasu kuma daga bakinsa da bakin ƙaninsa na ji su.

## Asalin abun

Babansu ya rasu a watan Fabrairun 2022, ya haura shekara tamanin. A ƙuruciyarsa akawu ne a ɗaya daga cikin kamfanonin haƙar kuza na Turawa, shi ke bin motar albashi zuwa barikokin lebura ta wajen Bukuru da Barikin Ladi duk ƙarshen wata. Kowane ɗan Jos ya san kuza ce ta tara garin nan, ita ta jawo kakannin da yawanmu daga Kano da Katsina da Barno. Bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 Turawan suka fara tattara komatsansu ɗaya bayan ɗaya, zuwa 1985 kuma farashin kuzar ya faɗi warwas a kasuwar duniya, aka bar mana ramuka da tafkuna.

Ba a taɓa akwatin marigayin ba sai bayan arba'in, a ƙarshen Maris, ranar da aka zauna lissafin gado. Akwatin ƙarfe ne irin na da mai kwaɗo biyu. An fito da manyan riguna, an fito da takardun fili da rasit-rasit da suka yi ja don tsufa, can ƙasa sai ga wani ƙunshi a cikin tsumma mai maiƙo, mutumina ya warware, sai ga ƙaramar bindiga irin mai juyawar nan da tsofaffi ke cewa libarba, a gefenta kuma gwangwanin taba da harsashi 11 a ciki, wasu duk sun yi kore-kore. Su uku ne a ɗakin, shi da ƙaninsa da Hajiyarsu. Yace ɗakin yayi tsit kamar ruwa ya ci kowa.

Hajiya ce ta fara magana. Tace ta san da ita, Baturen da Malam yayi wa aiki ne ya bar masa da zai koma gida, kuma tunda aka kawo ta gidan bata taɓa ganin ya fito da ita ba, ko a rikicin Satumbar 2001 da na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010 da aka kwana ido biyu a unguwa. An zazzage akwatin kaf ana neman wata takarda ta izini, babu. Tace "ku kai ta inda za ku kai ta, ni dai kar ta sake kwana a ɗakina." Mutumina a matsayinsa na babba yace zai san yadda zai yi. Ya tafi da ita gidansa a daren.

## Watan farko: zama da ita

Na ganta da idona sati ɗaya bayan nan, cikin azumi, bayan an sha ruwa ya kulle falo ya fito min da ita. Abun da ya fara bani mamaki ƙanƙantarta, don a fim gani kake kamar wani ƙaton abu ne. Bata kai kilo ɗaya ba amma a hannu tana da nauyi irin na ƙarfen da, baƙin jikinta ya koɗe ya koma toka-toka, ga tsatsa a wajen baki, ƙotar ta tsage gefe ɗaya, a gindinta akwai wani ɗan zobe na ɗaura igiya. A jikinta an buga sunan kamfanin Webley & Scott na Birmingham a Ingila, da Mark IV da .38, har da wani rubutu da ke nuna ƙirar lokacin yaƙi ce. Irinta ce sojojin Birtaniya suka riƙe a yaƙin duniya na biyu tare da 'yar uwarta Enfield, bayan yaƙi kuma suka bazu a hannun 'yan sandan ƙasashen da Ingila ta mallaka. Kenan bindigar ta girmi mutumina nesa ba kusa ba.

Yadda take buɗewa ne ya fi burge shi, akwai wani ɗan maɓalli ta hagu da ake dannawa da babban yatsa sai ta karye biyu, bakin ya sunkuya ƙasa, gangar nan mai ramuka 6 ta fito fili. Yace ya buɗe ya rufe ya fi sau ɗari a satin farko kamar yaro da sabon abun wasa. Ni kam da ya miƙo min cewa nayi a'a, riƙe kayarka, daga nan ma ina gani.

Toh me yasa bai rabu da ita tun ranar ba? Na tambaye shi, amsar da ya bani duk wanda ya zauna Jos zai gane ta ko da bai yarda da ita ba. Watanni kaɗan kafin nan, a Agustan 2021, aka kashe matafiya a hanyar Rukuba, aka sa dokar hana fita ta awa 24, mutane suka kwana a ƙofar gidajensu da sanduna. Ga kuma masu garkuwa da suka fara shiga unguwannin bayan gari da dare. Yace ranar da ya kawo ta gida ya ji wani irin ƙarfi a ransa, kamar yanzu ne ya zama maigida.

Wannan jin bai yi sati biyu ba. Da farko ƙarƙashin katifa ya sa ta, madam ta gani wajen gyaran gado ta kusa sumewa, aka yi rigima ta kwana uku. Ya mayar da ita cikin silin, bindigar gefe guda gwangwanin harsashin gefe guda, sai kuma wani tunani ya zo masa, in ɓarayi sun shigo ƙarfe biyun dare yaushe zai nemo tsani ya hau silin ya ɗura harsashi a cikin duhu? In kuma ya ajiye ta kusa a ɗure, ga yara biyar a gida. Yace tun daga lokacin ko jiniya ya ji a titi sai cikinsa ya ɗuri ruwa, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya kalli silin kafin ya kalli ƙofar.

## Mayu: ranar gwaji

Bayan ƙaramar sallah ya yanke shawarar sai ya gwada ta, yace ba zai zauna da abun da bai san ko yana tashi ba. Ya samu wani kawunsu na nesa, tsohon soja mai ritaya da yanzu noma yake, ya faɗa masa. Kawun ya fara da faɗa, yace "kai yanzu da girmanka da iyalinka kake wannan karambanin?" amma da ya ga ko ya je ko bai je ba yaron nan sai ya harba, sai yace gara ayi a gabansa. Gonarsu tana bayan gari kusa da wani tsohon ramin kuza mai tudun ƙasa a bayansa. A hanya akwai shingen jami'an tsaro guda biyu, mutumina yace a na biyun da sojan ya leƙo yace ina zuwa, bakinsa ya bushe har sai da kawu ya amsa masa, kuma safiyar Jos ce da sanyinta amma rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Suka kafa jarka mai lita 25 a gindin tudun, ya ja baya taku 15. Kawu ya duba cikin bakin bindigar ta hasken rana, ya zaɓi harsashi 4 da suka fi kyan gani, ya ɗura, ya tsaya a bayansa.

Abu na farko da ya gane, kunamar tana da tauri ba kaɗan ba. A libarba irin wannan jan kunama ɗaya shi ke juya ganga, shi ke ɗaga hamar baya, shi ke sakinta, toh duk wannan aikin a kan yatsa ɗaya yake, kafin ta tashi bakin bindigar ya gama rawa a hannunsa. Da ta tashi kuma ba bugunta ne ya firgita shi ba, yace bugun da take yi a hannu kaɗan ne, ko tsalle bata yi sosai ba, ƙarar ce. Ba irin ta fim bace mai daɗin ji, wani tas! ne busasshe kamar an mare ka a cikin kunne, nan take kunnensa na dama ya ɗauki ƙiiii. Babu wanda ya toshe kunne a cikinsu. Ƙarar ƙaramar bindiga tana wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma daga wannan matakin harbi ɗaya tak yana iya yi wa kunne illar da bata warkewa. Ƙura ta tashi a jikin tudun, sama da jarkar da kusan kamu biyu, ta gefen dama.

A na biyu yace bari ya riƙe da kyau, sai ya kawo hannun hagu ya rungumo ta har babban yatsansa ya kai daidai gaban gangar, kafin kawu ya buɗe baki ya riga ya ja. Tsakanin ganga da bututun libarba akwai 'yar tazara siririya, dole ce don gangar ta samu juyawa, kuma duk harbi wuta da iska mai zafi suna fesowa ta nan gefe da gefe. In bindigar ta tsufa ramin gangar baya tsayawa daidai saitin bututu, har ɓarɓashin dalma take tofarwa. Yatsan ya ƙone, ya yi baƙi da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa barkono. Allah ya taimake shi harsashin wannan bindigar mai rauni ne, a manyan libarba wannan kuskuren yana yanke yatsa. Jarka dai tana nan lafiya lau.

Na uku shi ne wanda har yau in yana bada labarin sai ya yi shiru a tsakiya. Ya ja kunama, sai ƙyas, babu komai. Shi kuma da ya ga bata tashi ba sai ya fara sauke hannu yana juyo da ita zai duba, abun da kowa zai yi kenan in bai sani ba. Kawu ya daka masa tsawa ya danne masa hannu zuwa gaba, bai gama dannewa ba ta tashi, harsashin ya shiga ƙasa kamar taku uku a gabansu. Tsohon harsashi da ya sha danshi haka yake yi wani lokacin, wutar ta kama a hankali, sai bayan ɗan lokaci ta tashi. Shi yasa ƙa'idar masu harbi ita ce in ka ja bata tashi ba ka bar bakin yana kallon gaba, ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka taɓa komai. Harsasan nan kuwa sun yi wajen shekara hamsin a akwati suna shan daminar Jos.

Da hankali ne a nan za a tsaya. Amma saura ɗaya, kuma namiji baya so ace ya tsorata, ya ɗaga ya ja. Wannan karon sautin wani fuf ne kamar an buɗe kwalbar lemo, babu ƙura a tudu, babu komai. Kawu ya karɓe bindigar daga hannunsa, ya jira, ya karya ta, ya ɗaga bututun sama yana neman haske bai gani ba. Albarushin ya mutu, ƙarfin da ya samu ya tura dalmar zuwa tsakiyar bututu ne kawai ta maƙale. Yace masa "da akwai na biyar a ciki ka sake ja, da yanzu wani zancen ake, don bututun zai iya kumbura ko ya fashe a hannunka."

Lissafin ranar kenan: ja 4, babu wanda ya taɓa jarka, yatsa ɗaya a ƙone, kunne yana ƙara har kwana uku, bututu a toshe. Suka tsince kwanson harsasan suka dawo gari ta shingayen nan biyu.

## Yunƙurin gyara

Wannan bai ɗau lokaci ba. Akwai wani maƙeri da ya sani tun suna yara, yana walda yana kuma gyara wa mafarauta 'yan abubuwa, ya je ya yi masa zancen a kaikaice. Mutumin ko bari ya ƙarasa bai yi ba, yace "Alhaji don Allah ka rufa min asiri, ban ji ba ban gani ba." Kuma yana da gaskiya, a dokar Najeriya gyaran bindiga ba tare da izini ba shi ma laifi ne mai zaman kansa. Ya dawo ya gwada zura waya da man inji da kansa, dalmar ko motsi, ya haƙura ya mayar silin. Daga ranar abun da ke saman ɗakinsa ƙarfe ne da ba zai harbu ba, amma a idon hukuma bindiga ce cikakkiya. Kuma yanzu mutum na bakwai ya sani.

## Yuni: neman lasisi

A ƙarshen Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta fito tace mutane su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, har aka ce za a raba fom 500 a kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar. Zancen ya cika rediyo da Facebook, a kasuwa ma ba a hirar komai sai ita. Mutumina ya ji kamar an buɗe masa ƙofa, yace in Zamfara za a bayar ai Filato ma ta cancanta. Bai lura da cewa kwana kaɗan bayan nan babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito yace gwamna bashi da wannan hurumin ba.

Ya je wajen wani kwastomansa tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya, yace wai wani abokinsa ne ke tambaya. Tsohon ya yi dariya yace "abokin naka dai," sannan ya zaunar da shi ya warware masa. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai irin su bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, wannan kwamishinan 'yan sandan jiha ke bada izininta. Akwai na farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, wannan sai Sufeto Janar. Sai kuma gidan haramtattu, inda aka jera manyan bindigogin yaƙi da bama-bamai da mashinga, kuma a cikin wannan jerin fistol da libarba suke, izininsu a hannun shugaban ƙasa kaɗai yake. Mutumina yace wai 'yar wannan abar ce aka haɗa da mashinga? Yace ƙwarai, don ita ake sokewa a ƙugu a shiga kasuwa ba wanda ya sani. Wanda aka kama da ita babu izini kuma, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10 ne.

Ya tambayi batun gado, tunda ba saya yayi ba. Tsohon yace dokar ta yi maganar wannan ma, in mai lasisi ya rasu magajinsa na iya riƙe bindigar kwana 14 bayan rasuwar, shi kenan. Toh su kwana 14 ɗin ya wuce tun kafin su buɗe akwatin, kuma marigayin ma ba a ga lasisinsa ba balle a ce. Ko na farautar ma a lokacin an ce an dakatar da bada sabon lasisi. Ya tashi daga wajen jiki a sanyaye.

## Yuli zuwa Agusta: maganar ta fara yawo

Bayan babbar sallah ƙaninsa ya tada zancen gado, yace bindigar nan dukiyar marigayi ce, kowa yana da haƙƙi a ciki har 'yan uwansu mata, ba zai yiwu Yaya ya riƙe shi kaɗai ba, a sayar a raba. Har ya samo wani da yace ɗan banga ne zai saya da daraja. Mutumina ya ƙi, dalilinsa kuma mai sauƙi ne, lamba tana jikin bindigar, duk ranar da aka kama ta a hannun wani a wajen fashi ko garkuwa, tambayar farko ita ce wa ya sayar maka. Suka kai maganar gaban malamin da ya raba musu gadon, ba tare da sun fito da ita ba. Malam yace abun da hukuma ta hana saye da sayarwa kuma zai iya zama sanadin jinin wani, ba a yi masa kuɗi a saka a lissafin gado. Ƙanin ya yi fushi, wata guda baya gaida yayansa sai a gaban Hajiya.

Hajiya tace a jefa ta a tafkin kuza a huta. Ya yi tunanin haka sosai, har ya zaɓi tafkin. Abun da ya hana shi biyu ne, na ɗaya sai ya sake ratsa shingaye da ita, na biyu tafkunan nan suna janyewa da rani kuma masu haƙar kuza na gargajiya kullum suna cikinsu suna tona, ga yara masu wanka. Sannan zancen duniya baya ɓuya, wanda aka yi wa tayin sayen ya riga ya faɗa wa wani, wata rana a masallaci wani maƙwabci ya dafa shi yace "Alhaji ashe mu kwana da ƙarfinmu, an ce kana da kayan aiki." Ya yi dariyar yaƙe. Yace a daren bai runtsa ba, don in maƙwabci ya sani ɓarawo ma ya sani, kuma akwai waɗanda bindigar kanta za su shigo nema.

## Satumba: harsashi a jakar islamiyya

Ruwan sama ya yi yawa, silin ya fara yoyo, aka kira mai gyara, mutumina ya sauko da kayan da daddare ya tura su bayan wadrob kafin a gama aikin. Kwana biyu kacal. A rana ta biyu malamin islamiyyar ɗansa mai shekara tara ya kira shi a waya yace ya zo yanzu yanzu. Ya tarar da malamin a ofis shi kaɗai, ya buɗe hannu, harsashi ɗaya. Yaron ya ɗauko a gwangwani yana nuna wa abokai, har suna shawarar in an tashi za su je su buga shi da dutse su gani. Malamin yace "Alhaji ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan tambaye ka daga ina ba, amma ka ji tsoron Allah a kan yaran nan." Madam kuma a daren tace ko bindiga ko ita, ta fara haɗa kaya.

## Oktoba: yadda aka rabu da ita

Washegari ya je wajen lauya, wanda tun Maris ya kamata ya je. Baristan ya saurare shi tas, ya fara da abun da kar ya yi, kar ya kuskura ya saka ta a mota ya nufi caji ofis da kansa, don in aka tsayar da shi a hanya babu wanda zai yarda miƙawa za shi. Ya rubuta takarda zuwa ga kwamishinan 'yan sanda, a ciki aka bayyana an samu bindigar ne a kayan mamaci, aka rubuta ƙirarta da lambarta da adadin harsashi, 7 masu rai da kwanso 4, aka haɗa da takardar shaidar rasuwa, aka roƙi a turo jami'ai su ɗauka. Lauyan ya kai da kansa ya karɓo kwafi mai hatimi.

Mutumina ya so a ɓoye zancen gwajin gona. Barista yace a'a, dalma tana maƙale a bututu, duk wanda ya san bindiga yana dubawa zai gane ba a daɗe da harba ta ba, in aka kama ka da ƙarya ɗaya sauran gaskiyar taka ma ta zube. Aka sanar da mai unguwa, shi ma yace zai tsaya.

Bayan kwana 9 jami'ai uku suka zo cikin farin kaya, a gaban lauya da mai unguwa da Hajiya aka fito da ita, suka duba lamba, suka ƙirga, aka sa hannu. Suka tafi da shi ofis ya rubuta sitatimen, an yi masa tambayoyi na wajen awa huɗu, mafi yawa a kan watanni bakwai ɗin nan, me yasa sai yanzu, wa da wa suka sani, an taɓa ba wani aro. Aka sake shi a hannun mai unguwa a ranar. Ya koma sau biyu, an kira ƙaninsa da kawu su ma sun bada nasu bayanin. Ba a kai shi kotu ba. Kuɗin da ya kashe na lauya ne da zirga-zirga.

## Me ya yi aiki, me bai yi ba

A ganina duk dabarun farko sun faɗi ne a kan abu ɗaya, yana neman yadda zai riƙe bindigar ne alhali babu wata hanyar riƙe ta da doka ta bari, toh ɓoyo da gyara da lasisi da sayarwa duk zagaye ne a ɗaki mara ƙofa, kuma kowane zagaye sai ya ƙara yawan waɗanda suka sani. Ta fuskar tsaron da ya sa ya riƙe ta ma lissafin bai fita ba, mutumin da bai taɓa harbi ba, da rana tsaka, babu mai binsa, ya kasa samun jarka a taku 15, rabin harsasan da aka zaɓa a matsayin masu kyau sun ba da matsala, ina ga ƙarfe biyun dare da yara a ɗakin gefe. Kawun ma ban wanke shi ba duk da shi ya ceci mutumina sau biyu a gona, da ya tsaya a kan faɗansa na farko ya ja shi wajen lauya da ba a kai ga yatsa da kunne ba.

Abun da ya yi aiki shi ne takarda ta riga bindiga isa wajen hukuma, an je da shaidu, kuma labarin da ya bayar ya dace da abun da ke cikin bututun. Amma kar wani ya ɗauka dole haka za ta ƙare wa kowa, wata bakwai ɗin da ya yi da ita da harbin gona duk laifi ne a doka, ganin dama ne da shaidar mutane suka sa aka bar shi, da a shingen hanyar gona aka kama shi da yanzu yana gidan yari yana ƙirga shekara.

Kunnen dama har yanzu in wuri ya yi shiru yana jin 'yar ƙara, likita ya auna yace jinsa ya ɗan ragu a wannan gefen kuma ba lallai ya dawo ba. Shi da ƙaninsa sun shirya. Akwatin ƙarfen yana ɗakin Hajiya ta zuba zannuwa a ciki, kwafin takardar mai hatimi kuma ya yi mata laminatin ya ajiye tare da takardun fili.